Goggo da Takardar Sanƙarau

Ranar da Allah Ya karɓi ran Goggo, yayar mahaifina, gidanmu na Ƙofar Marusa ya cika da mutane kashi biyu da ba su san juna ba. Duk wanda ya shigo abu ɗaya yake fara faɗi, cewa na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Daga nan sai maganar ta rabu. Matan unguwa da ke zaune bisa tabarmi a tsakar gida suna cewa an yi rashin Hajiya, wadda in likita ya rubuta maka abin da ba ka gane ba za ka kai mata ta karanta maka, ta kuma yi maka faɗa in ba ka shanye maganin ba. Ɗalibanta kuwa, waɗanda suka taso daga jami'a da garuruwa masu nisa, sun yi cirko-cirko a bakin rumfa suna cewa an yi rashin Farfesa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda suka yi ƙuruciya tare da Goggo, ta kamo hannuna bayan mun gama gaisawa ta ce, "Ke ɗiyata, wai ni aikin mi marigayiyar nan take yi? Ba ta allura, ba ta karɓar haihuwa. In na tambaye ta sai ta ce wai takarda take koya ma magana." Ta yi 'yar dariya, sai kuma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mahaifina yana zaure yana karɓar gaisuwar maza. An ce mani bai yi hawaye ba har aka dawo daga maƙabarta. Da wani ɗalibi ya durƙusa ya ce mashi, "Malam, mu uwa muka rasa," sai ya dube shi ya ce, "Ku koyar da ku ta yi. Ni goya ni ta yi."

Na ɗauki alƙalami ne don kada kowane ɓangare ya tafi da rabin Goggo. Ni na ga duka biyun, domin a ɗakinta na girma, kuma a ɗakin gwajinta nake aiki har yau.

Tun ban shiga firamare ba ta ɗauke ni riƙo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ta dawo gida aka ba ta sashenta. Sunan mahaifiyarsu aka sa mani, shi ya sa ba ta taɓa faɗin sunana ba. Uwata take ce mani, ko da faɗa take yi. Mahaifina kuwa, duk da furfurar gemunsa, duk da manyan mutanen da ke ɗaukar karatu a wurinsa can wajen masallacin Gobarau, Auta take ce mashi a gaban kowa, shi kuma ya amsa.

Mace ce mai doguwar gaisuwa da gajeren yabo. Sai ta tambayi gida da yara da gajiya da ruwa da lafiyar akuyarka, amma in ka kawo mata aiki mai kyau iyakarta ta ce, "To, ba laifi." Akwai tambayar da duk dangi suka san ta da ita. In wani ya zo yana kurarin wani magani, yana cewa wane ya sha ya warke, sai ta aje kofin shayinta ta ce, "Wanda bai sha ba fa? Shi mutuwa ya yi?" Muna yara dariya abin yake ba mu. Sai da na girma na gane cewa aikinta kaf a kan wannan tambaya yake tsaye.

Ta yi shekaru tana koyar da ilmin sinadaran jikin mai rai. Lokacin da tsararrakinta suka fara shirin ritaya, suna maganar gona da jikoki, ita sai ta samu damar zuwa ƙasar waje ƙaro sani. Ta dawo da wani abu da ya hana ta zama. Ni a lokacin na gama digirina na farko, na fara aiki a ƙarƙashinta.

Na fi tuna yadda ta yi ma mahaifiyata bayani. Da la'asar ne, Inna tana saƙa hular jarirai a gindin darbejiya. Goggo ta tsinko zare daga ƙullin Inna ta ce, "Kin ga duk abu mai rai, ke da ni da sauro da ƙwayar cuta, akwai wani zare a cikin ƙwayoyin jikinsa. Masana suna ce mashi DNA, ƙanensa kuma RNA. Rubutu ne a jiki, da haruffa huɗu kacal, kuma kowane harafi da abokin da yake kamawa, ba ya kama wani. Wannan rubutun shi ke gaya ma jiki abin da zai ƙera."

Ta ninka zare ja gida biyu ta murɗe shi, ta bar baki ɗaya yana reto. "Ni nawa aikin, in tsara zare irin wannan, wanda zai naɗe kansa ya ɓoye farkon saƙon da ke jikinsa. Muddin yana naɗe ba mai iya karanta saƙon, kin ga makunni a kashe kenan. Amma na bar mashi wutsiya a waje." Sai ta ɗauko farin zare. "Wannan na ƙwayar cuta ne. In haruffansa sun dace da na wutsiyar, sai ya kama ta. Daga nan ya riƙa cin gaba harafi bayan harafi, yana ture wanda ya tarar, har naɗin ya warware. Saƙo ya buɗe, a karanta, a ƙera abin da ya ce. In ba shi ba ne ya zo, ko wa ya zo ba zai buɗe ba."

Inna ta ce, "To in ya buɗe sai mi?"

"Abin da na rubuta a ciki shi za a yi. Yanzu dai na sa shi cikin wasu ƙwayoyi marasa cutarwa da muke kiwo a kwalba. In na kunna su yi haske kore, in ban kunna ba su yi shiru."

Ashe mahaifina yana tsaye a bakin ƙofa, ya dawo daga masallaci. Ya yi sallama, ya zauna bisa kujera ya ce, "Yaya, kunnena ne ko kuwa cewa kika yi kina rubuta ma halittar Allah umarni?"

"Auta, ban halicci ko harafi ɗaya ba. Ƙa'idar da Allah Ya ɗora su a kai na karanta, ita nake bi. Manomin da ya zaɓi iri fa, halitta ya yi?"

"Manomi ya san abin da zai tsiro, kuma yana ganinsa da ido. Ke abin da kike taɓawa ba a gani. Mai rai ne, kin ce da bakinki. Yana hayayyafa. In kwalba ta fashe fa? In ya bi kwata ya shiga rijiyar mutane? Wa zai kira shi ya dawo?"

"Dafa su muke yi a tukunyar matsi kafin mu zubar."

"Kullum? Har ranar da ba ki nan?"

Goggo ta miƙe ta ce ba za ta tsaya wanda ta wanke ma kashi ya tuhume ta ba. Shi kuma ya ce girma ba hujja ba ne. Ban taɓa jin sun yi irin wannan ba. Daga ranar suka daina hira. Ba su yi gaba ba, don ko kusa ba za su yarda a ce sun yi ba. Gaisuwarsu ce ma ta ƙara tsawo. Da safe sai su tsaya a tsakar gida su tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyin asuba, kamar baƙin da suka haɗu a tasha, sannan kowa ya kama gabansa. Inna ta ce ita wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

Ni ce na shiga tsakiya, don da safe ina wurin Goggo, da yamma ina gaban mahaifina. Wata rana ya kira ni zaure ya ce in gaya mashi tsakani da Allah, mi Yaya take nema da wannan wahala a shekarunta. Na ce so take ta yi abin da zai gane sanƙarau tun a ƙaramin asibitin ƙauye, ya kuma faɗi wane iri ne, don sanƙarau ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin irin shi ke nuna rigakafin da za a kawo. Yanzu sai an ɗebi ruwan bayan mara lafiya an aika gari mai nisa, kafin amsa ta dawo cutar ta zaga unguwa.

Can ya ce, "Kin san tana da ɗa?"

Ban sani ba. Na kwana a ɗakinta tun ina ƙarama, ban taɓa ji ba.

"Ɗan fari ne, shi kaɗai Allah Ya ba ta. Wata bazara kafin a haife ki wuyansa ya sanƙare. Ni na ɗauke shi zuwa asibiti, ni na dawo da shi a naɗe. Da ma ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari. Bayan ya rasu sai ta daina maganarsa gaba ɗaya." Ya shafa gemu ya ce, "Amma wannan bai amsa tambayata ba."

Kuma bai amsa ɗin ba. Goggo ma ta sani. A ɗakin gwaji na lura ta rage kiwon ƙwayoyin nan, ta duƙufa karatun wata hanya da wasu masana suka fito da ita. Ana fasa ƙwayoyin, a tace kayan aikin da ke cikinsu, wato injinan da ke karanta saƙo su ƙera abu, a haɗa da makunnin, a busar da su a jikin 'yar takarda. Babu mai rai a ciki, babu abin da zai hayayyafa. In aka ɗiga samfur, ruwa ya tashe su. Idan zaren cutar na ciki makunni ya buɗe, takarda ta tashi daga rawaya ta koma shunayya.

Ranar da takarda ta farko ta yi aiki, ta sa ta a 'yar leda ta kawo gida, ta wuce zaure kai tsaye ta aje a gaban mahaifina. Ta ce, "Auta, ga ta. Ba ta numfashi, ba ta haihuwa. In ta faɗa rijiya takarda ce ta faɗa."

Ya juya ledar ya duba. "Saboda maganata kika canza?"

"Saboda ta fi sauƙin kaiwa ƙauye." Ta gyara mayafi, ta kai bakin ƙofa, sannan ta ce ba tare da ta juyo ba, "Maganarka ma tana ciki."

Washegari gaisuwarsu ta koma gajera, hira ta dawo.

Akwai abin da ɗalibanta ba za su manta ba. Wata ɗalibarta ta haihu tana tsakiyar aikin digiri na biyu, ba ta da mai riƙe mata jariri, kuma doka ce ba a shiga da yaro ɗakin gwaji. Ta zo da kuka ta ce za ta ajiye karatun. Goggo ta cire farar rigar aiki, ta wanke hannu, ta ce, "Kawo zanen." Ta goya yaron ta fita baranda tana kai da komo, tana leƙe ta taga tana cewa, "Canza bakin abin ɗiban nan, kin taɓa gefen kwalba." Haka aka yi ta yi har aikin ya ƙare. Shugaban sashe ya taɓa wucewa ya ga Farfesa da goyo, ya buɗe baki zai yi magana, ta gaishe shi da irin doguwar gaisuwarta har ya manta abin da ya kawo shi.

Da matsalar wuta ta yi ta lalata mamu kaya a firji, ta sa aka kwance na'urar wutar sola ta sashenta na gida aka kai ɗakin gwaji. Ta koma kwana da mafici. Mahaifina ya yi magana ta ce ita ta saba da zafi, kayan ne ba su saba ba.

Ashe zafin ne zai zame mamu babban abokin gaba. Takardunmu sun yi kyau lokacin sanyi. Labari ya fita, har wani babban jami'i ya zo ya gani da idonsa, ya ce za a shirya biki a kira 'yan jarida a nuna ma duniya. Mu matasa har mun fara zancen anko. Goggo ta ce a bari bazara ta shigo, don a bazara sanƙarau ke zuwa.

Bazara ta shigo. A kowane gwaji akwai takardar da ba ma sa ma komi sai ruwa tsabtatacce, ita ce shaidarmu, kuma ita Goggo take fara dubawa. Wata rana da azahar muka tarar da ita ta koma shunayya. Zafi ya sa naɗin zaren yana saki da kansa, makunni yana kunna kansa ba tare da cuta ba. Yoyo muke ce ma wannan.

Jami'in ya dawo ya ce ai ba sai an faɗi wannan ba, a yi bikin a ɗaki mai sanyi, gyara ya biyo baya. Goggo ta ba shi kujera, ta sa aka kawo mashi ruwa, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, asibitin ƙauye ba shi da ɗaki mai sanyi. Takardar nan za ta ce ma uwa ɗanta na da sanƙarau alhali zazzaɓi ne. In ta yi ƙarya sau ɗaya, ranar da ta faɗi gaskiya ba mai saurarenta. Ba zan tsaya gaban jama'a da ita ba." Ya tafi ransa a ɓace, bai sake dawowa ba, kuma taimakon da ya yi alkawari ya bi shi.

Na ji haushi ranar, na ce mata shekarun wahalarmu sun tafi a banza. Ta ce, "Uwata, da ba mu san tana yoyo ba, yau mun sani. Ɗauko kwamfuta."

Daga nan aka shiga dogon yaƙi. In muka ƙara ƙarfin naɗin don ya jure zafi, sai ya ƙi buɗewa ko cutar ta zo. In muka sassauta, sai yoyo. Kowane sabon tsari sai an aika ƙasar waje an haɗa zaren an aiko, a yi ta jira. Wasu ɗalibai suka gaji suka canza fanni, ba ta riƙe kowa a rai ba, ita ta rubuta masu takardar yabo da hannunta. Ritayarta ta zo ta wuce, ta ci gaba da zuwa. Gwiwa ta hana ta hawa bene, ta sa aka sauko da teburinta ƙasa. Idonta ya yi rauni, ni nake karanta mata haruffan tana ji, ta ce, "Tsaya, koma baya. Wancan harafin zai kama inda bai kamata ba." Sau da yawa in na duba a kwamfuta sai in tarar haka ne. Wani lokaci kuma ta yi kuskure, in na nuna mata ta ce, "To, ba laifi," kamar ni ce na kawo aikin.

Ciwon ajalinta bai ja lokaci ba. A asibiti, da yamma, na shigo daga ɗakin gwaji, mahaifina yana zaune gefen gado yana ja mata carbi. Ta buɗe ido ta ce, "Wane launi?"

Mahaifina ya dube ni. Na gane so yake in faranta mata. Na ce, "Goggo, ta yi yoyo. Amma sai bayan azahar, ta daɗe fiye da na baya."

Ta lumshe ido, na zaci barci ne ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Ki bar wutsiyar yadda take. Gindin naɗin za ki ƙarfafa, saman ki bar shi sako-sako. Rubuta." Na rubuta a waya, na aika a haɗa mamu tun kafin in bar harabar asibitin. Ita kuwa ta juya wurin ƙanenta ta ce, "Auta, ci gaba, ina ji." Ya ci gaba da salati. Ba ta ƙara maganar aiki ba har Allah Ya yi ikonSa.

Bayan an share makoki shugaban sashe ya kira ni ofis. Ya yi mani ta'aziyya yadda ya kamata, ya yabi Goggo, sannan ya ce ana ƙarancin ɗakuna, kuma aikin nan da ma na Farfesa ne, ko zan so a mayar da ni wani bincike mai saurin ba da sakamako. Ba mugunta yake nufi ba, makomata yake duba mani. Na gode mashi, na ce a bar mani ɗakin. Ya ce, "Ita da ta fi ki sani ba ta gama ba." Na ce shi ya sa akwai sauran aiki. Ya ce za a gani, amma bai karɓi mabuɗin ba.

Zaren da ta tsara a gadon asibiti ya iso da sunanta a jikin kwalin. Muka taru da ragowar ɗaliban, har da mai goyon nan, wadda yanzu ita ma malama ce. Muka busar da takardun, muka jera su a ɗakin da ya fi kowane zafi, muka kashe fanka. Mai samfurin cuta ta koma shunayya tun da hantsi, kamar yadda ake so. Takardar shaida ta wuce azahar tana rawaya. Kowa ya kasa zama. Gab da la'asar gefenta ya fara duhu.

Wani ɗalibi ya ce, "Malama, ai wannan kusan ta yi. Ba a taɓa kaiwa nan ba."

Na ce, "Ba a taɓa ba. Ka rubuta lokacin da ta fara yoyo, ka ɗauki hoto." Muka yi alwala muka yi salla, muka yi mata addu'a, sannan muka dawo muka kunna kwamfuta muka fara tsarin gaba.

Allah Ka gafarta ma Goggo, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya mata shi, Ka haɗa ta da ɗan da ta kasa faɗin sunansa. Mu da ta bari kuma Ka ba mu lafiya da tsawon numfashi. Bazara na tafe, kuma so nake ta same mu da sabbin takardu a jere.